Maharana Pratap na Mewar: sarkin da ya ƙi zuwa fadar Akbar

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Udaipur, a kudancin jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, sunan Maharana Pratap ne zai fara tarbarsa, domin da shi ake kiran filin. Jami'ar aikin gona ta garin ma sunansa ta ci, haka babbar tashar motocin safa ta Kashmiri Gate da ke Delhi, kuma mutum-mutuminsa a kan doki yana tsaye a harabar majalisar dokokin ƙasar. Har dokinsa ya samu rabo. Kamfanin Bajaj, wanda baburansa suka cika titunanmu, ya fitar da wani babur a 1972 ya raɗa masa suna Chetak, sunan da ake kiran dokin Pratap da shi.

Abin da zai ɗaure wa mai karatu kai shi ne, mutumin nan sarkin Mewar ne, wata ƙaramar ƙasa a wannan yanki na Udaipur. Shekara 25 ya yi a kan karaga, daga 1572 zuwa 1597, bai kwana ko sau ɗaya a matsayin sarki a Chittor, babban birnin kakanninsa, ba. A yaƙin da aka fi saninsa da shi ma, shi ne ya bar fagen fama da raunuka a jiki. To me mutane suka riƙe fiye da shekara 400? Sai an san abin da Sarki Akbar, mai mulkin daular Mugal ta Indiya, ya nema a wurinsa, da hanyar da ya bi ya hana shi har ya mutu, sannan za a gane.

Rajput gidajen sarauta ne na mayaƙa mabiya addinin Hindu, kowane gida da zuriyarsa da ƙasarsa: Kachwaha a Amber, Rathor a Marwar da Bikaner, Bhati a Jaisalmer, Hada a Bundi, Sisodiya, gidan su Pratap, a Mewar. Yaƙin da suka yi da junansu ya fi haɗin kan da suka yi yawa. Duk da haka gidan Mewar ne ake ɗauka babba. Kakan Pratap, Rana Sanga, shi ya tara su a 1527 suka kara da Babur, wanda ya kafa daular Mugal, a wani wuri da ake kira Khanwa, aka ci su da yaƙi. Sarakunan Mewar kuma suna da wata aƙida, cewa ƙasar ta abin bautarsu ce, Eklingji, shi Rana, wato sarkin Mewar, wakili ne kurum. Wanda ya ɗauki kansa a haka, faɗuwa gaban wani sarki ɗan Adam zai yi masa nauyi ninkin-ba-ninkin.

Akbar ya hau mulki a 1556, ya kuma gane da wuri cewa jawo Rajput a jika ya fi yaƙarsu arha. Tayinsa a fili yake. Sarki zai zo fada da ƙafarsa ya yi caffa. Za a ba shi muƙami mai lamba, wanda suke kira mansab, a ce shi mai dawaki 1,000 ne ko 5,000. Zai riƙa kawo barade, a ɗora wa dawakansu tambarin daula, ya tafi duk inda aka tura shi, ko Kabul ko Bengal. Shi kuma za a bar masa ƙasarsa ta gado da addininsa, a ƙara masa wasu yankuna ya ci harajinsu. Gidaje da dama sun haɗa da ba da 'ya'yansu mata aure. Bharmal na Amber ne ya buɗe ƙofar a 1562, Ranthambor ta miƙa wuya a 1569, Bikaner da Jaisalmer suka biyo baya a 1570.

Kada a yi saurin kiran waɗannan matsorata. Lissafi suka yi, kuma lissafin ya biya su. Man Singh na gidan Amber ya kai muƙamin 7,000, ya yi gwamnan Bengal, ya gina ƙaton wurin bautar Hindu a Vrindavan, ba wanda ya hana shi. Akbar ya soke jiziya tun 1564. Abin da mutum zai bayar shi ne 'yancin cewa a'a.

Ita kuwa Mewar, Akbar ba zai iya kau da kai daga gare ta ba saboda dalili biyu. Na farko hanya. Daga Agra zuwa tashoshin ruwan Gujarat, wadda ya ci a 1572 da 1573, ayarin fatake da na alhazai masu hawa jirgi a Surat suna bi ta gefen ƙasar Mewar ne. Na biyu, muddin babban gida yana tsaye a waje, kowane sarkin da ya yi caffa zai riƙa jin ana yi masa kallon wanda ya sayar da girmansa.

Tun kafin Pratap ya hau, an riga an yi mai zafin. A watan Oktoba 1567 Akbar ya yi wa Chittor ƙawanya. Birni ne a kan wani dogon tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai, kewaye da ganuwa. Mugal suka gina rufaffun hanyoyi har gindin ganuwar, suka haƙa ramuka suka cusa albarushi. Wata huɗu ana yi. Da aka harbe Jaimal, jagoran masu tsaron birnin, a watan Fabrairu 1568, sai na ciki suka yi abin da al'adarsu ta tanada idan fata ta ƙare. Mata da yara suka shiga wuta don kada a kama su, abin da suke kira jauhar, mazan kuma suka buɗe ƙofa suka fito don su mutu da takobi a hannu. Marubutan fadar Akbar da kansu sun ambaci kimanin mutum 30,000 da aka kashe bayan an shiga birnin, akasarinsu talakawan da suka fake a ciki. Karo na uku ke nan da aka yi jauhar a Chittor, bayan na 1303 da na 1535.

Mahaifin Pratap, Udai Singh, ba ya cikin birnin. Manyan fadawansa sun ba shi shawara ya fice zuwa duwatsun Aravalli kafin a rufe hanya, inda tun 1559 ya fara gina Udaipur. An daɗe ana goranta masa wannan ficewa. Amma da ya tsaya ya mutu a Chittor da iyalinsa, da gidan Sisodiya ya ƙare a ranar. Darasin da ɗansa ya ɗauka ke nan: ganuwa ba ta tsaya wa igwa da albarushi, sarkin da ya kulle kansa a ciki ya ba abokin gaba adireshinsa.

Udai Singh ya mutu a Gogunda a 1572, ya bar wasiyyar a naɗa Jagmal, ɗan matar da ya fi so. Manyan ƙasa suka ƙi, suka ɗora Pratap, babban ɗa, yana da shekara 31. Jagmal ya yi fushi ya tafi wajen Akbar, aka ba shi yanki. Daga nan jakadu suka fara sintiri: Jalal Khan, sai Man Singh, sai Bhagwant Das, sai Todar Mal, duka cikin 1572 da 1573. Pratap ya karɓe su da mutunci, har an ruwaito ya sa rigar girmamawar da Akbar ya aiko. Abu ɗaya ya ƙi, zuwa fada da kansa. A bakin mutanen Mewar akwai labarin walimar da aka shirya wa Man Singh a bakin tafkin Udai Sagar, inda Pratap ya ƙi zama su ci tare saboda gidansu Man Singh ya aurar wa Mugal 'ya. Marubutan Mugal ba su kawo wannan labari ba, amma yana nuna yadda gidajen biyu suke kallon juna.

A 1576 Akbar ya tura runduna daga Ajmer, ya ɗora Man Singh a kanta. Aka haɗu ranar 18 ga Yuni a bakin wata ƙuntatacciyar mashiga tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 40 daga Udaipur. Ƙasar wurin rawaya ce kamar kurkum, shi ya sa ake kiranta Haldighati, domin haldi shi ne kurkum a harshensu. Ƙididdigar da aka fi yarda da ita ta ba Pratap barade kusan 3,000 da 'yan baka kusan 400 daga ƙabilar Bhil, mazauna duwatsun. Rundunar Mugal kuwa ana sa ta tsakanin 5,000 da 10,000, da bindigogi da giwaye.

Muna da shaidar gani da ido, domin malamin tarihi Badauni yana cikin rundunar Mugal a ranar. Pratap ne ya fito daga mashigar ya far musu, kuma karon farko ya yi kyau ƙwarai. Sahun gaba na Mugal ya watse, ɓangaren hagu ya tsere, wasu ba su tsaya ba sai da suka yi tafiya mai nisa. Sayyidan Barha ne suka dake a dama suka hana abin rushewa gaba ɗaya. Aka saki giwaye suka yi ta karo, aka harbe mai tuƙa Ram Prasad, giwar da Mewar take alfahari da ita, Mugal suka kama ta. Ana cikin haka Mihtar Khan, mai riƙe da rundunar baya, ya sa aka buga tambura aka yi shelar cewa Sarki Akbar ya iso da kansa. Ba gaskiya ba ne, amma masu gudu suka juyo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Pratap ya ji rauni, wani babban bafadensa, Jhala Man, ya karɓi laimar sarauta ya ɗaga a kansa don abokan gaba su ɗauka shi ne Rana, suka yi masa rubdugu suka kashe shi, aka samu aka fitar da Pratap. Ram Shah Tomar, tsohon mai Gwalior da ya samu mafaka a Mewar, ya mutu a wurin tare da 'ya'yansa. Duka abin bai wuce awa huɗu ba. Abul Fazl, marubucin fadar Akbar, ya ce an kashe 150 a ɓangarensu, 500 a ɓangaren Rana.

An ci Pratap a fagen, wannan ba abin musu ba ne. Kuskurensa ma a bayyane yake: ya bar matsatsin dutse, inda yawa ba shi da amfani, ya biyo su fili, inda yawa da bindiga suke aiki. Amma Man Singh an aiko shi ne ya kawo Rana a raye ko a mace, kuma bai kawo shi ba. Zafin watan Yuni da tsoron kwanton ɓauna suka hana Mugal bin sawu. Suka shiga Gogunda suka tarar da kango, mutanen Pratap suka tare hanyoyin kawo abinci, har masu nasara suka koma haƙa gwalalo suna kewaye kansu da katanga, suna rayuwa da mangwaro da naman dabbobinsu. Da Man Singh da Asaf Khan, wani babban kwamandan rundunar, suka koma, Akbar ya hana su shiga fada na wani lokaci.

Shekarun da suka biyo baya su ne ainihin aikin, kuma su ne aka fi tsallakewa idan ana ba da labarin. Pratap bai sake yarda an yi gaba da gaba a fili ba. Ya kwashe manoma daga filayen Mewar masu albarka ya mai da su duwatsu, ya hana noma a duk inda rundunar Mugal za ta iya kaiwa, don kada ta samu hatsi ko ciyawar dawaki. Rundunar da ba ta samun abinci a inda take dole a yi mata dako daga Ajmer, kuma kowane ayarin dako abin farauta ne a mashigar dutse. Mugal suka kafa ƙananan sansanoni a garuruwa. Idan babbar runduna tana nan, sai Pratap ya nutse cikin daji. Da ta juya, sai ya bi sansanonin ɗaya bayan ɗaya. Akbar ya zo da kansa a ƙarshen 1576. Kwamandansa Shahbaz Khan ya zo har sau uku, ya ci Kumbhalgarh a 1578, birnin da aka haifi Pratap a 1540, mai ganuwar da ta kai kilomita 36. Ko a nan bai tarar da shi ba, ya sulale kafin birnin ya faɗi.

Wannan salo na sari-ka-noƙe ba ya yiwuwa sai da abu biyu. Na farko mutanen da suka san dajin. Bhil su ne idonsa da kunnensa, su ke nuna hanya, su ke ɓoye iyalinsa, su ke mirgino duwatsu a kan masu bin sawu. Shi ya sa tambarin gidan sarautar Mewar yake ɗauke da mutum biyu, Rajput a gefe guda, Bhil da bakansa a ɗaya gefen. Na biyu kuɗi. Wazirinsa Bhamashah, mabiyin addinin Jain, ya kawo masa dukiyar da ya sake ɗaukar mayaƙa da ita a lokacin da abin hannunsa ya ƙare.

Talaka ne ya biya kuɗin wannan tsayuwa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Manomin da aka raba da gonarsa shekara da shekaru ba a tambaye shi ba. Akwai ruwayar makiyayin da aka kashe don ya karya dokar ya kai awakinsa kiwo a filin da aka hana. Yayin da Amber take gina fadoji da dukiyar daula, filayen Mewar sun koma sarƙaƙiya. Labarin da yara suke haddacewa a Indiya, na gurasar ƙwayar ciyawa da muzurun daji ya fizge daga hannun ɗan sarki, masana tarihi da dama suna ganin ƙarin gishiri ne. Yunwar da talakawansa suka sha kuwa ba ta buƙatar ƙari.

Sa'a ma ta taimaka. A 1580 tawaye ya ɓarke a Bengal da Bihar, ɗan'uwan Akbar, Mirza Hakim na Kabul, ya kawo hari Punjab, hankalin daula ya rabu. Majiyoyin Mewar sun ce a 1582 Pratap ya ci sansanin Mugal na Dewair, sauran sansanoni suka watse a bayansa. A 1585 Akbar ya koma Lahor don tsaron iyakar arewa maso yamma, ya zauna can har 1598, ba a sake turo babbar runduna Mewar ba. Pratap ya kafa sabuwar hedikwata a Chavand, ya dawo da mafi yawan ƙasarsa, ban da Chittor da Mandalgarh. Ya mai da manoma gonakinsu. A fadarsa wani malami mai suna Chakrapani Mishra ya yi rubutu a kan noma, dashen itatuwa da neman ruwa. Ya mutu a Chavand a watan Janairu 1597, yana da shekara 56, sanadin raunin da ya ji a wajen farauta.

Wanda yake son ya auna abin da ya bari, ya duba 1615. Ɗansa Amar Singh ya ci gaba da yaƙin shekara 18, har ƙasa ta gaji, manyan fadawa suka matsa a yi sulhu da Sarki Jahangir, magajin Akbar, ta hannun ɗansa Khurram, wanda daga baya ya zama Shah Jahan. Mewar ta amince da fifikon daula, amma dubi sharuɗɗan. Rana ba zai je fada da kansa ba, yarima mai jiran gado ne zai wakilce shi. Barade 1,000 kawai za su bayar. Ba maganar aure. An mayar musu da Chittor, bisa sharaɗin ba za su gyara ganuwarta ba. Abin nan guda da Pratap ya ƙi tun 1573, shi ne daula ta haƙura da shi bayan shekara 42. Jahangir har ya sa aka sassaƙa mutum-mutumin Amar Singh da ɗansa Karan da farin dutse aka kafa a lambun fadarsa ta Agra. Sharaɗin ganuwar kuwa da gaske ake yinsa, domin da Mewar ta taɓa gyara, Shah Jahan ya aiko runduna a 1654 ta rushe aikin.

Sunan Pratap ya daɗe a bakin maroƙan Mewar kafin ya fita duniya. Wanda ya fitar da shi wani jami'in Ingila ne, James Tod, da ya yi aiki a yankin daga 1818 zuwa 1822, ya tattara waƙoƙi da ruwayoyin fada ya buga a 1829 da 1832. Ya rubuta su da zuciya ɗaya, bai cika tace tarihi daga kirari ba. Masu neman 'yancin Indiya suka ɗauki hoton da ya zana suka juya shi a kan Turawan da kansu: ga sarkin da ya zaɓi daji a kan bauta. Kirari kuma ba ya tsayawa inda aka fara shi. Yau za ka ji ana cewa mashinsa kilo 80 ne, sulkensa kilo 72, alhali kayan yaƙinsa da aka ajiye a gidan tarihin fadar Udaipur gaba ɗayansu kimanin kilo 35 ne.

Inda abin ya fi damuna shi ne yadda siyasar Indiya ta yau take mai da shi yaƙin Hindu da Musulmi. Addini yana cikin lamarin, ba za a ce babu ba. Takardar shelar cin Chittor da harshen jihadi aka rubuta ta, kuma Badauni ya faɗi da bakinsa cewa da ya tambayi Asaf Khan yadda za a bambance Rajput ɗinsu da na Rana a cikin ƙura, ce masa aka yi ya yi harbi kawai, duk wanda ya faɗi riba ce. Amma a dubi sahun. Kwamandan rundunar Mugal, Man Singh, mabiyin addinin Hindu ne. Wanda ya ja sahun gaba na Pratap, Hakim Khan Sur, Musulmi ne ɗan asalin Afganistan, kuma a wurin ya mutu, kabarinsa yana yankin har yau. 'Yan'uwan Pratap biyu, Jagmal da Shakti Singh, sun yi zama a ɓangaren Akbar. Ana kuma ruwaito cewa da Amar Singh ya kamo matan gidan Abdur Rahim Khan-i-Khanan, babban kwamandan Mugal, Pratap ya tsawata masa ya sa aka mayar da su cikin mutunci. Rigima ce ta wa zai durƙusa wa wa. A 2017 hukumomin ilimi na Rajastan sun sauya littafin makaranta ya ce Pratap ne ya yi nasara a Haldighati. A ganina sun rage masa ne, domin wanda aka ce ya ci yaƙin awa huɗu an shafe dalilin shekara 20 da ya yi yana kwana a duwatsu.

Akwai wasu mutane da suka riƙe labarin ta wata hanya dabam. Gadiya Lohar maƙera ne masu yawo a amalanken shanu, ana ganinsu a bakin titunan Rajastan da jihohin maƙwabta, da zugazugi da uwar maƙera, suna ƙera lauje da gatari da wuƙa. A ruwayarsu, kakanninsu ne maƙeran makaman Mewar, kuma da Chittor ta faɗi suka yi rantsuwa ba za su koma birnin ba, ba za su zauna a gida mai rufi ba, sai Rana ya karɓe shi. Pratap ya mutu bai karɓe shi ba, su kuma suka ci gaba da tafiya. A watan Afrilu 1955 Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya je Chittor da kansa ya shige gabansu suka shiga birnin, don a warware rantsuwar, gwamnati ta fara ba su filaye da gidaje. Wasu sun zauna. Da yawa har yanzu a gefen amalankensu suke kwana.